Motar Malam Bitrus Ba Ta Tashi da Turi

Jikana ya ce min wai yanzu kanikanci ya zama wasan yara. Ka soka waya a ƙarƙashin sitiyari, kwamfuta ta faɗa maka ciwon motar, ka canza abin da ta ce, ka wanke hannu. Na ce masa madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Amma tunda ku yaran yanzu kun fi yarda da abin da ke rubuce, bari in rubuta muku, ko da yake ni a aji uku na yi sallama da boko, kuma har yau hedimasta bai aiko a neme ni ba. Sunana Ayuba. A Kakuri an fi sanina da Baba Turi, za ku ji dalili, don ba sunan yabo ba ne.

Ina ɗan saurayi kawuna ya ɗauko ni daga ƙauye ya damƙa ni a hannun Oga Markus, mutumin Filato, mai gareji a bayan masaƙa. Shekarar farko ban taɓa injin ba. Aikina wanke noti da kananzir, ɗebo ruwa, da miƙa sifana. Oga yana kwance ƙarƙashin mota zai ce "sha huɗu", hannunsa a miƙe, ba ya ko dubanka. In ka ba shi sha uku, sifanar za ta dawo ta gaishe da ƙwaurinka. Kayan aikinmu ba su da yawa: sifana, filaya, guduma, jak, da wani dogon sukudireba da Oga ke ɗora tsininsa a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido kamar mai sauraron wa'azi. Sai kuma wani akwatin katako mai kwaɗo, wanda ba mai taɓawa. Mun ɗauka kayan tsafi ne. Ashe sifanu ne na inci, kuma saboda mota ɗaya tak yake ajiye da su.

Motar ja ce, ƙirar Amurka, mai ƙofa biyu, da tambarin doki a guje a hancinta. Gabanta dogo kamar kwale-kwale, bayanta guntu kamar an datse da adda. In ka buɗe bonet sai ka ga filogi takwas, huɗu nan huɗu can, wato injin motoci biyu aka haɗa wa mutum ɗaya. Wani Bature injiniyan masaƙa ne ya shigo da ita ta jirgin ruwa. Da zai koma ƙasarsu ya rasa mai saye, saboda a lokacin hannun hagu ake tuƙi, sitiyarin kowace mota yana dama, ita kuwa nata yana hagu. Sai ya bar wa Malam Bitrus, shugaban leburorin sashen rini, kusan kyauta. Malam Bitrus mutumin wajen Zonkwa ne, dogo, mai son farin takalmi. Matarsa Saratu, wadda kowa ke kira Maman Dauda, ita ke zama a gefensa. Sau da yawa ɗan sanda zai tsayar da su ya nufi tagar dama yana neman lasin, sai ya tarar da mace riƙe da jariri, ba sitiyari a gabanta. Malam Bitrus yakan bar shi ya gama faɗan tukuna, sannan ya leƙo daga ɗaya gefen ya ce ina wuni.

Aikina na farko a kanta shi ya ba ni suna. Wata safiya Malam Bitrus ya ajiye ta a gareji ya shiga aiki, batir ya yi sanyi, Oga kuma ya tafi neman kaya cikin gari. Ni kuwa na ga ranar nuna kaina ta zo. Duk Kaduna, daga ɗan kamasho har fasto, kowa ya san maganin motar da ta ƙi tashi: a tura, a sa giya ta biyu, a saki kuloci. Na tara 'yan uwana masu koyo, na ƙara da ma'aikatan masaƙa da suka tashi daga aikin dare, na shige na kama sitiyari. Sai da ta fara gudu na kai ƙafar hagu neman kuloci, na taka iska. Na duba, abin takawa biyu ne kawai, birki da totur. Mai hankali da ya ce a tsaya. Ni na ce su ƙara ƙarfi, ta kusa. Haka muka yi ta yi har muka hango titin jirgin ƙasa, mutane suna zufa suna zagin Amurka, sannan muka juyo da ita muka sake turo ta gida, da hawa kuma. Oga Markus bai doke ni ba. Dariya ya yi har ya zauna a kan taya. Da ya samu numfashi ya ce min irin wannan giya da kanta take canzawa, ko Kaduna duka ta taru ba za ta tashi da turi ba, sai da wuta da mai da haƙuri. Daga ranar na zama Turi, kuma daga ranar ya buɗe min akwatin nan, ya ce tunda ni da ita mun yi tafiya tare, in koye ta.

To na koye ta. Na koyi cewa notinta ba ya jin milimita. Ka sa masa sha uku, zai yi kamar ya kama, sai ka ja ya murje kansa ya bar ka da kuka. Na koyi auna tazarar kwantak, ɗan ƙarfen da ke ƙyasta wa filogi wuta, da takardar kwalin sigari, da jera wayoyin filogi takwas bisa ƙa'idarsu, don in ka sauya biyu za ta yi ta atishawa kamar tsohuwa a daka barkono. In Oga ya gama saita kafireto yakan ɗora kofin ruwa a kan murfin iska. Ruwan ya yi rawa amma kada ya zube. In ya zube, a sake daga farko.

Ranar da ƙasa ta koma tuƙin hannun dama, Malam Bitrus ya zama sarki. Duk direbobin gari suna rarrafe kamar masu koyo, shi kuwa motarsa ta samu hanyar da aka haife ta dominta. Sai dai hannunsa ya saba da hagu. Don haka Maman Dauda ta zauna a gefe tana ta maimaita masa, "Hannun dama, Baban Dauda, hannun dama," daga Kakuri har coci, daga coci har gida. Abin ya zama musu wasa. Shekaru bayan haka, ko gardama suke yi a gaban mutane, in ya fara wuce gona da iri sai ta ce masa hannun dama, ya yi shiru yana murmushi.

Ni da ban iya karatun kirki ba, tarihin wannan mota a hotuna na karanta shi, cikin mujallun da Baturen ya bari da kalandun masu sayar da kayan gyara. Irin ta Malam Bitrus su ne na fari, marasa nauyi, an yi su don samari masu ƙaramin albashi da babban buri. Bayan nan kowace shekara sai ta ƙara ƙiba da tsawo, kamar ɗan siyasa da ya ci zaɓe. Da mai ya yi tsada a ƙasarsu suka tsorata, suka tsuke ta. Na ga irin wannan da idona, wani ɗan kwangila ya kawo min ita daga Rido lokacin da ake gina matatar mai. Dokin yana nan a hanci, na buɗe bonet na tarar da filogi huɗu suna zaune a fili kamar marayu. Na ce masa Alhaji, wannan ai jaki ne ya ari sunan yayansa. Bai sake zuwa ba. Daga baya suka yi ta mai kusurwa kamar akwatin amarya, sannan suka yi ta mulmulalliya kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Ta yanzu, wadda jikana ke nuna min a waya, na duba da kyau na ga fuskar kakarta suka koma suka kwaikwayo. Ashe su ma sun yi kewa.

Shekarar wahala ta zo a zamanin soja, lokacin da na riga na gaji garejin daga Oga Markus, Allah ya ji ƙansa. Daga Kamazou kana hango harshen wutar matatar mai a Rido, amma gidan mai layi ne har ka manta me ka zo saya. Motoci suka kwanta, mu ma muka kwanta tare da su, don motar da ba ta tafiya ba ta lalacewa ta hanyar da za ta ciyar da bakanike. Masaƙa ta fara sallamar mutane. Na koma gyaran janareto da injin niƙa, har keken ɗinki na taɓa kwancewa, kuma mai shi bai yafe min ba. Man 'yan bumburutu kuwa rabi kananzir ne. Duk kafireton da na buɗe a shekarar nan warin risho yake. Motar Malam Bitrus mai shan mai kamar raƙumi ita ta fara zama. Ya riga ya yi ritaya ya koma gidan da ya gina a Kamazou. Ya sa na ɗora ta a kan bulo ƙarƙashin mangwaro, muka lulluɓe ta da tamfol. Ya dafa bonet ya ce mata ta huta, ranar da soja suka koma bariki shi da kansa zai fito da ita. Mun yi dariya, don a lokacin faɗin haka kamar ka ce sai ranar da kaza ta yi haƙori ne.

Soja ba su tafi da wuri ba, idon Malam Bitrus ne ya tafi. A hankali ya dushe, asibiti suka ce an makara. Farin takalmin yana nan, amma yanzu Maman Dauda ke goge masa, ita ke riƙe da hannunsa zuwa coci.

Da aka yi zaɓe, aka sa ranar miƙa mulki ga farar hula, sai ga Maman Dauda a garejina da lemarta. Ta zauna a bencin da ba mai zama a kai da fararen kaya, ta ce min tsohon ya daina cin abinci sosai. Rediyo yake kwana da shi, in an ambaci miƙa mulki sai ya juya fuska wajen mangwaro. Ita ta san alkawarinsa yake tunawa, kuma ya san ba shi da idon cika shi. Ta ce so take in tayar da motar. Na ce Mama, ko ta tashi wa zai tuƙa? Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan mijinta.

"Wanda ya yi alkawari mana," in ji ta.

Ɗansu Dauda, wanda yake jaririn nan na tagar dama, ya zo daga Fatakwal a makon, kuma bai ji daɗin maganar ba. Ba mugun yaro ba ne. Ya ce ko dai a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta kowa ya huta, ko in sa mata ƙaramin injin Japan kamar yadda ake yi wa kowace tsohuwar mota a garin nan, shi ya riƙa zagawa da Baba in ya zo hutu. Amma makaho a sitiyari, wannan ba da shi ba. Uwar ta ce injin Japan ba zai yi ba, don tsohon ba ganin motar zai yi ba, jin ta zai yi. Suka yi ta ja, ni ina tsakiya ina kallon ƙasa. A ƙarshe ni na kawo dabara. Na ce za a yi a filin ƙwallon firamare da ke bayan gidansu, zan zauna a kujerar baya, zan kuma jawo waya daga kwayil, mai ba injin wuta, ta ƙarƙashin kafet har zuwa hannuna. In na ga abin zai ɓaci, in taɓa bakin wayar da ƙarfen kujera, injin ya mutu nan take. Dauda ya yarda, da sharaɗin kada Baba ya sani.

Da muka yaye tamfol, kaji uku suka fito suna ƙorafi. Ɓeraye sun cinye wayoyi, tayoyi sun tsattsage, injin ya kame kamar an yi masa walda. Na kwance filogi takwas na ɗura kananzir da baƙin mai a kowane rami, na bar shi ya jiƙa. Kullum in na tashi aiki sai in hau mashin zuwa Kamazou, in sa dogon ƙarfe a notin gaba in ɗan lallaɓa, gaba kaɗan, baya kaɗan. Ba a yi masa ƙarfi, in ka matsa ringin fistin ya karye, kuma ba inda za ka samu wani. Ran da ya juya, ji na yi kamar tsoho ya yi miƙa. Tankin ya ruɓe, sai na ɗaure galan a cikin but na jawo tiyo. Robar famfon kafireto ta bushe, na yanka harshen tsohon takalmina na fata na yi wata. Gaskit daga kwalin kalanda. Wayoyin filogi kuwa na motoci biyu na saya, mai shagon yana tambayata ko tagwaye aka kawo min. Robobin birki na samo su a jikin wata gawar a-kori-kura ta Ingila, don ita ma da inci aka haife ta. Duk wannan aiki Malam Bitrus yana zaune a kujerarsa bakin ƙofa, bai taɓa tambayar me ake yi ba. In na yar da sifana dai yakan ce, "Rabin inci ce ta faɗi, Turi," kuma yawanci ita ce.

Ranar da na ba ta wuta ta yi tari, ta yi hayaƙi har maƙwabta suka fito da bokiti, sannan ta kama. Ina tsaye ina jiran yabo, tsohon ya taso, matarsa ta kawo shi, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan mudgad. Ya daɗe a haka. Sai ya ce min a hankali wai shida ne ke aiki, biyu gulma suke yi. Na duba, ashe na sauya wayoyi biyu, kuskuren da Oga Markus ya hana ni tun ina da gashi. Na gyara. Muryarta ta sauka ta koma wannan gurnanin mai nauyi da kake ji a ƙirji kafin kunne. Na aika aka kawo kofin ruwa na ɗora. Ya yi rawa, bai zube ba. Maman Dauda ta faɗa wa mijinta, ya ce ya sani.

Asabar ɗin da aka rantsar da farar hula, da la'asar, bayan an ɗan yi yayyafi, na kai ta filin. Ciyawa ta fara fitowa, ƙasa ta yi laushi. Ba mu gayyaci kowa ba, amma wannan murya ba ta buƙatar gayyata. Kafin mu shirya mutanen unguwa sun jeru a gefe, har da matan zumunta na coci da suka taso daga koyon waƙa. Malam Bitrus ya fito da farin takalmi. Ya shafa ƙofa, ya shiga, hannunsa ya tafi kan giya ba tare da lalube ba. Maman Dauda ta zauna a inda ta saba. Ni na naɗe a baya, gwiwa a haɓa, don kujerar bayan motar nan an yi ta ne don mutanen da ba ka so. Wayar tana cikin tafina. Dauda ya tsaya wajen raga, hannu a ka.

Muka tashi kamar masu rakiyar amarya. Ita tana magana ƙasa-ƙasa, ba gaggawa: miƙe, miƙe, hagu kaɗan, ya isa. Muka zaga sau ɗaya. A zagaye na biyu ya ɗan taka, bayan motar ya zauna, iska ta shigo ta ɗaga ɗankwalinta, na ji ta yi dariya irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. Sai ga turken raga ya taso mana, Dauda na tsalle gefe. Yatsuna suka kai wayar dab da ƙarfe, tazarar da ta rage ba ta kai kaurin takardar kwantak ba.

"Hannun dama, Baban Dauda," in ji ta, kamar tana miƙa masa gishiri. "Hannun dama."

Ya karya sitiyari, turken ya wuce ta tagar hagu har ina ganin tsatsar jikinsa. Ban taɓa wayar ba. Kada ku ce jarumta ce; ina jin hannuna ne ya sandare.

Mun yi ta zagawa har galan ya ƙare. Injin ya yi tari biyu ya yi shiru a tsakiyar fili, sai ƙarar ƙarfe mai hucewa. Tsohon bai saki sitiyari ba. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Turi, wayar nan da ka bi da ita ƙarƙashin kafet, tun da na shiga nake jin ta a dugadugina." Na fara kame-kame, ya ce in bari, shi ma da shi ne Dauda da abin da zai sa a yi ke nan. Sannan ya tambayi matarsa ko akwai sauran tuwon rana, yunwa yake ji. Ta juya fuska wajen taga ta ce akwai.

Ba sauran mai ko ɗigo, kuma ya ce ba zai sauka ba sai a ƙofar gidansa. Wani saurayi daga cikin 'yan kallo ya matso ya ce min, Baba, a tura mana, a sa giya ta biyu, ai za ta tashi. Na dube shi na ga kaina. Na ce masa ba za ta tashi ba, ɗana, amma zo ka kama nan. Dauda ya tuɓe agogo ya sa a aljihu ya dafa but, matan zumunta suka ɗaure zani, ni ma na sa kafaɗa a motar da na sa aka tura shekara kusan talatin da suka wuce, wannan karon ina daga waje. Muka tura ta a hankali ta kan jiƙaƙƙiyar ciyawa zuwa mangwaro, Malam Bitrus zaune ƙyam a sitiyari da gwiwar hannu a taga, Maman Dauda tana faɗa masa hanya.